Ma'adinin Toriyam da Neman Tsabtataccen Makamashi a Duniya

GABATARWA

Babu wata ƙasa a duniyar yau da ta ci gaba ba tare da isasshiyar wutar lantarki ba. Masana'antu da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati duk a kanta suka dogara, kullum kuwa bukatarta ƙaruwa take yi. Sai dai har yanzu fiye da rabin wutar da duniya ke sha daga ƙona kwal da gas ake samunta, hayaƙin da ke tashi daga wannan ƙone-ƙone kuwa shi ne babban abin da ke ɗumama duniya, yana jirkita damina da rani. Wannan ne ya sa ƙasashe suka duƙufa wajen neman makamashin da zai ba da wuta mai yawa, dare da rana, ba tare da ya turnuƙe sararin samaniya ba.

Ƙarfin nukiliya yana cikin hanyoyin da ake dubawa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi ya ƙiyasta a rahotonsa na 2014 cewa, wajen samar da kilowat ɗaya na lantarki na tsawon awa guda, kwal yakan fitar da kimanin giram 820 na iskar kabon, gas giram 490, nukiliya kuwa giram 12 kacal, ko da an lissafa har da ginin tasha da haƙar ma'adini. Akwai tukwanen nukiliya fiye da 400 a ƙasashe kimanin 30, suna ba da wajen kashi 9 cikin ɗari na lantarkin duniya. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai cikin 2023, ƙasashe fiye da 20 sun ɗauki alkawarin ninka ƙarfin nukiliyar duniya sau uku kafin 2050.

Duk da haka mutane suna ɗari-ɗari da nukiliya, kuma suna da hujja. Akwai tsoron haɗari irin wanda ya auku a Chernobyl cikin 1986 da Fukushima cikin 2011. Akwai matsalar sharar da ke zama guba shekaru dubbai. Akwai kuma fargabar kada abin da aka tara domin wuta ya koma makamin ƙare dangi. Kusan dukan tukwanen da ke aiki yuraniyam suke ci, kuma tun da daɗewa waɗansu masana suke cewa da an juya ga wani ma'adini mai suna toriyam, da waɗannan matsaloli sun ragu ƙwarai. Wannan lacca za ta bayyana ko mene ne toriyam, da yadda ake samun wuta daga gare shi, da abin da ƙasashe suka yi a kansa daga shekarun 1950 zuwa yau, sa'an nan ta auna wannan da'awa bisa abin da gwaji ya tabbatar.

ASALIN TORIYAM DA INDA AKE SAMUNSA

Toriyam ƙarfe ne mai nauyi, fari kamar azurfa in an yanke shi sabo, amma yakan dushe ya yi baƙi in ya sha iska. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano shi cikin 1828 a jikin wani baƙin dutse da aka aiko masa daga Norwe, ya raɗa masa sunan Tor, gunkin tsawa na mutanen arewacin Turai na zamanin da. Cikin 1898 Gerhard Schmidt a Jamus da Marie Curie a Faransa, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano cewa toriyam yana fitar da tiriri, watau wani irin haske mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani. Tiririn nasa kaɗan-kaɗan yake fita, domin sai an shekara miliyan dubu 14 kafin rabin abin da aka ajiye ya rikiɗa ya zama wani abu dabam.

Mutane da yawa sun taɓa riƙe toriyam a hannu ba su sani ba. 'Yar farar ragar nan da ake ɗaura wa fitila mai famfo, wadda kan yi haske fat in ta sha zafi, da sinadarin toriyam aka riƙa yin ta tun daga 1891, lokacin da Carl Auer von Welsbach ɗan ƙasar Ostiriya ya kyautata ta. Daga baya masana'antu da yawa suka sauya shi da wani sinadarin.

A cikin ɓawon ƙasa toriyam ya ninka yuraniyam yawa sau uku zuwa huɗu. An fi samunsa a cikin wani yashi mai nauyi da ake kira monazait. Ƙididdigar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta sa hannu a kai cikin 2014 ta nuna cewa toriyam ɗin da aka san inda yake ya haura tan miliyan 6. Indiya ce kan gaba da kimanin tan 846,000, yawancinsa a yashin bakin teku na jihohinta na kudu da na gabas, sa'an nan Birazil da Ostareliya da Amurka da Masar da Turkiyya. Da wuya a ga wanda ya fita haƙar toriyam musamman. Yakan biyo waɗansu ma'adinai masu wuyar samu ne, waɗanda ake yin maganaɗisu da kayan lantarki da su, masu haƙar kuwa sukan jibge shi a gefe tamkar shara.

YADDA AKE SAMUN WUTA DAGA TORIYAM

Kowane abu a duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, wadda ta ƙunshi waɗansu mitsi-mitsin abubuwa iri biyu, furoton da niyutoron. Jimillarsu ita ce lambar da ake liƙa wa suna, kamar yuraniyam-235 ko toriyam-232. Idan niyutoron ya bugi cibiyar yuraniyam-235 sai ta tsage biyu, ta saki zafi mai tsanani, ta kuma harbo niyutoron biyu ko uku. Waɗannan su ma su tsaga waɗansu, haka abin zai yi ta bin juna. Tukunyar nukiliya ita ce wurin da ake riƙe wannan tsagewa bisa ƙa'ida, kada ta mutu, kada kuma ta wuce kima. Zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki.

Matsalar yuraniyam ita ce, a cikin ƙwaya 1,000 da aka haƙo, 7 ne kawai yuraniyam-235. Sauran kusan duk yuraniyam-238 ne, wanda ba ya tsagewa da sauƙi, sai dai wani ɓangarensa ya haɗiye niyutoron ya zama fulutoniyam. Saboda haka tukwanen da aka saba da su ba sa cin ko da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin yuraniyam ɗin da aka haƙo.

Toriyam kuwa kusan dukansa toriyam-232 ne, wanda ba ya riƙe wuta da kansa ko an tara tan nawa. Misalinsa kamar ɗanyen itace ne da aka jingina a gefen murhu. Ba zai kama ba sai wutar da ke ci ta busar da shi, amma da zarar ya bushe ya kama, shi ma zai busar da wanda aka jingina a bayansa. Idan cibiyar toriyam-232 ta haɗiye niyutoron ɗaya sai ta zama toriyam-233. Cikin kimanin minti 22 rabin wannan ya rikiɗa ya zama furotaktiniyam-233, shi kuma cikin kwana 27 rabinsa ya zama yuraniyam-233. Wannan na ƙarshe shi ne busasshen itacen, domin yana tsagewa sarai kamar yuraniyam-235. Glenn Seaborg da abokan aikinsa ne suka tabbatar da haka a Jami'ar Kalifoniya a farkon shekarun 1940.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne lissafin niyutoron. Kowane niyutoron da yuraniyam-233 ya haɗiye, yakan mayar da kimanin 2.3 a madadinsa, ko da a tukunyar da aka rage wa niyutoron gudu da ruwa ko da girafait, watau baƙin nan na cikin fensir. Ɗaya ya tafi ya ci gaba da hura wutar, ɗaya ya shiga toriyam ya haifar da sabon makamashi, ɗan abin da ya rage ya cike gurbin waɗanda suka ɓace. Ke nan mai yiwuwa ne tukunya ta haifi makamashi daidai da wanda ta ci, ko ma fiye, har a ƙone kusan dukan toriyam ɗin da aka haƙo. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, tilas a fara kunna wutar da yuraniyam-235 ko fulutoniyam. Na biyu, tilas a riƙa tace makamashin da aka yi amfani da shi, a ware sabon yuraniyam-233 daga toka, a mayar da shi tukunya. A kan waɗannan sharuɗɗa biyu yawancin wahalar take.

GWAJE-GWAJEN FARKO A AMURKA DA TURAI

A shekarun 1950 da 1960 an yi zaton yuraniyam bai da yawa a duniya, zai ƙare da wuri in tashoshi suka yawaita. Wannan zato shi ya sa manyan ƙasashe suka zuba kuɗi a binciken toriyam.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka, ƙarƙashin shugabancin Alvin Weinberg. A tukunyar da aka saba, makamashi daskararre ne a cikin sandunan ƙarfe, ruwa ke kwashe zafinsa. Domin kada ruwan ya tafasa a zafin da ya kai digiri 300 na ma'aunin santigirad, sai an matse shi da matsin da ya ninka na iskar da ake shaƙa sau 150, shi ya sa ake bukatar tukunya mai kaurin gaske da ƙaton gini a kanta. Masanan Oak Ridge sai suka narkar da makamashin kansa a cikin wani gishiri na musamman, haɗin fuloraid na litiyam da beriliyam. Wannan gishiri yana narkewa ya gudana kamar ruwa a wajen digiri 450, ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400, don haka tukunyar na aiki da zafi mai yawa ba tare da matsi ba. A ƙasanta kuma akwai bututu da aka toshe da daskararren gishiri, ana hura masa iska don ya zauna a daskare. In wuta ta yanke ko zafi ya wuce kima, toshin ya narke, makamashin ya tsiyaye cikin tankunan da ke ƙasa, inda tsagewar ba za ta iya ci gaba ba.

Tukunyar gwajin ta yi aiki daga 1965 zuwa 1969, tana ba da zafi na kusan megawat 8, a kan digiri 650. Cikin 1968 ta zama tukunya ta farko a duniya da ta yi aiki da yuraniyam-233. Ya kamata a lura cewa ba a zuba toriyam a cikinta don ya haihu ba, a waɗansu tukwane aka samo yuraniyam-233 ɗin. Gwajin ya kuma tono matsaloli: wani sinadari daga cikin tokar yana tsattsaga fuskar ƙarfen tukunyar, iskar tiritiyam mai tiriri kuma tana ratsa ƙarfe ta fice. An kawar da Weinberg daga muƙaminsa cikin 1973, gwamnati ta karkatar da kuɗin zuwa wata irin tukunya mai haifar fulutoniyam, shirin gishiri ya mutu kafin ƙarshen shekarun 1970.

Gwaji na biyu mai muhimmanci shi ne na tashar Shippingport a jihar Pennsylvania. Daga 1977 zuwa 1982 an gudanar da wannan tukunya mai ruwa da toriyam da yuraniyam-233, tana ba da lantarki ga jama'a. Da aka kwance makamashin aka auna, sai aka tarar abin da ke iya tsagewa ya ƙaru da kimanin kashi 1.4 cikin ɗari bisa abin da aka zuba tun farko. Ƙarin kaɗan ne, amma ya tabbatar a aikace cewa lissafin da aka ambata a baya gaskiya ne.

Turawa kuma suka bi hanyar tukunyar da iskar hiliyam ke sanyayawa. Ingila ta karɓi baƙuncin gwajin Dragon a Winfrith daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Jamus ta Yamma ta gina ƙaramar tukunya mai suna AVR a Jülich, wadda ta yi aiki daga 1967 zuwa 1988, makamashinta dunƙule-dunƙulen girafait ne masu girman ƙaramin lemo, da toriyam da yuraniyam a ciki. Daga nan ta gina babba mai megawat 300, THTR-300, a Hamm, mai ɗauke da dunƙule fiye da 600,000. Ta fara ba da lantarki cikin 1985. A watan Mayu 1986, kwanaki kaɗan bayan haɗarin Chernobyl, wani dunƙule ya maƙale a bututu, ƙura mai tiriri kaɗan ta fita waje. Jama'a suka yanke ƙauna, kuɗin gyara ya yi ta hawa, aka rufe ta cikin 1989. A shekarar nan ce kuma Amurka ta rufe tashar Fort St. Vrain a jihar Colorado, ita ma mai cin toriyam, saboda yawan lalacewa.

Dalilan da suka sa aka juya wa toriyam baya a bayyane suke. An gano yuraniyam mai yawa a Kanada da Ostareliya da Afirka da Asiya ta Tsakiya, farashinsa ya faɗi. Tukunyar ruwa ta riga ta kafu tun daga jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, ta sami masana'antu da ƙwararru da dokoki. Manyan ƙasashe kuma sun riga sun ƙware kan fulutoniyam ta wajen ƙera makamai. Bayan haɗarin Three Mile Island cikin 1979 da na Chernobyl, sha'awar nukiliya gaba ɗaya ta yi sanyi a Yammacin duniya.

INDIYA DA SHIRINTA MAI HAWA UKU

Ƙasar da ba ta taɓa sakin toriyam ba ita ce Indiya, domin yuraniyam ɗinta kaɗan ne, toriyam kuwa jibge yake a bakin tekunta. Cikin 1954 Homi Bhabha, uban shirin nukiliyar ƙasar, ya shimfiɗa tsari mai hawa uku. A hawa na farko, tukwane masu aiki da ruwa mai nauyi su ci yuraniyam ɗin ƙasar, su bar fulutoniyam. A hawa na biyu, tukwane masu niyutoron mai gudu su ci wannan fulutoniyam, su haifi wanda ya fi shi yawa, daga bisani a kewaye su da toriyam don a tara yuraniyam-233. A hawa na uku ne za a gina tukwanen da za su rayu da toriyam da yuraniyam-233 kaɗai. Bhabha ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin 1966, amma tsarinsa ya ɗore. Takunkumin da aka sa wa Indiya bayan ta gwada bam cikin 1974 ya ƙara mata naci a kansa, gama sai a 2008 aka sake buɗe mata kasuwar yuraniyam ta duniya.

Hawa na farko ya kafu sosai. A Kalpakkam, kusa da birnin Chennai, akwai 'yar ƙaramar tukunyar bincike mai suna KAMINI, mai kilowat 30, wadda ta fara aiki da yuraniyam-233 cikin 1996. Hawa na biyu ne ya ci lokaci. An fara ginin tukunyarsa ta farko mai megawat 500 a Kalpakkam cikin 2004, da nufin gamawa cikin 2010, amma sai a watan Maris 2024 aka yi bikin fara ɗora mata makamashi. Tun da yake sai irin waɗannan tukwane sun yawaita, sun yi shekaru suna tara makamashi, kafin a iya hawa na uku, masanan Indiya kansu sun yarda cewa cin gajiyar toriyam sosai sai bayan gomman shekaru.

ƘASAR SIN DA TUKUNYAR HAMADA

Ci gaban da ya fi ɗaukar hankali a wannan zamani a ƙasar Sin ya auku. A watan Janairu 2011 Cibiyar Kimiyya ta ƙasar ta ƙaddamar da shirin tukunyar narkakken gishiri mai cin toriyam, ta danƙa shi ga cibiyarta ta nazarin kimiyyar zahiri da ke Shanghai, ƙarƙashin jagorancin Xu Hongjie. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Rahotannin Oak Ridge a buɗe suke ga kowa, masanan Sin suka ɗauke su suka yi musu karatun ta-natsu, suka maimaita gwaje-gwajen, sa'an nan suka ƙera nasu ƙarfen da nasu girafait da nasu famfunan da za su jure narkakken gishiri.

Cikin 2018 aka fara ginin tukunyar gwaji mai suna TMSR-LF1 a gundumar Minqin, yankin Wuwei na lardin Gansu, a gefen hamadar Gobi. An zaɓi wurin ne domin irin wannan tukunya ba ta bukatar kogi ko teku a kusa da ita kamar tukunyar ruwa. Hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasar ta ba da izinin aiki a watan Yuni 2023. Ranar 11 ga Oktoba 2023 tukunyar ta kama, a watan Yuni 2024 ta kai cikakken ƙarfinta, a watan Oktoba 2024 kuma aka ƙara toriyam a cikin gishirinta. A watan Nuwamba 2025 cibiyar ta ba da sanarwar cewa awonta ya tabbatar toriyam ya rikiɗa ya zama yuraniyam-233 a cikin tukunyar, abin da ba a taɓa yi a tukunyar narkakken gishiri ba, har da ta Oak Ridge. Xu Hongjie ya rasu a watan Satumba 2025, makonni kaɗan kafin wannan sanarwa.

Nasara ce ta gaske, amma ya kamata a san girmanta. Tukunyar zafi na megawat 2 take bayarwa, ba ta ba da lantarki, kuma wutar tata daga tataccen yuraniyam take, toriyam ɗin da ke ciki kaɗan ne. Babbar tashar nukiliya ta zamani ta ninka ta ƙarfi fiye da sau dubu. Cibiyar ta bayyana nufinta na kammala tukunyar nuni mai megawat 100 kafin 2035. Sin tana da abin da zai sa ta dage, domin mahaƙar Bayan Obo a yankin Mongoliya ta Gida, inda take haƙar ma'adinai masu wuyar samu, ta tara mata toriyam mai ɗimbin yawa.

SAURAN ƘASASHE

A waɗansu wurare aikin bai wuce gwajin makamashi da kayan gini ba. A Norwe kamfanin Thor Energy ya fara gwada makamashin toriyam a tukunyar bincike ta Halden cikin 2013, kafin a rufe ta cikin 2018. A Holan an fara gasa narkakken gishiri mai toriyam a tukunyar bincike ta Petten cikin 2017. Kamfanin Copenhagen Atomics na Denmak ya ƙulla yarjejeniya cikin 2024 da Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan domin gwada ƙaramar tukunyarsa. A Amurka kuwa, cikin 2024 aka fara gwajin wani makamashi na toriyam da yuraniyam a cibiyar bincike ta Idaho, wanda aka tsara domin tukwanen ruwa mai nauyi irin na Indiya da Kanada.

FA'IDA DA CIKAS

Ta wajen hayaƙi, toriyam da yuraniyam daidai suke, duka ba sa ƙona kabon. Bambancin da ake nema yana wajen abubuwa uku da aka ambata a gabatarwa.

Game da haɗari, yawancin yabon da ake yi wa toriyam na tukunyar narkakken gishiri ne, wadda kuwa tana iya aiki da yuraniyam zalla. Rashin matsi da toshin da ke narkewa da kansa fa'idodi ne tabbatattu. Amma gishirin mai zafi yana cin ƙarfe, girafait yana lalacewa da tiriri, kuma ba a taɓa gudanar da irin wannan tukunya shekara goma a jere ba, balle shekara arba'in ko sittin da ake bukata daga tashar lantarki. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Game da shara, gaskiya ne toriyam ba ya haifar da fulutoniyam da danginsa sai ɗan kaɗan, alhali fulutoniyam-239 sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya rikiɗa. To, amma tokar tsagewa, irin su siziyam-137 da sitirontiyam-90 waɗanda rabinsu ke rikiɗa cikin shekara 30, kusan iri ɗaya ce a duka biyun, tilas a killace ta ɗaruruwan shekaru. Toriyam kuma yana da nasa masu dogon rai, kamar furotaktiniyam-231 mai shekara fiye da 32,000. Ragin sharar yana samuwa ne kawai in ana tacewa ana maimaitawa, wannan tacewa kuwa ta fi ta yuraniyam wuya, domin sinadarin toriyam ba ya narkewa da sauƙi. Gishirin da aka bari a tankunan Oak Ridge cikin 1969 ma ya zama abin damuwa, gama cikin 1994 an tarar iskar fulorin da yuraniyam sun taso daga cikinsa sun bi bututu, sai da aka kashe kuɗi masu yawa wajen gyara.

Game da makami, yuraniyam-233 ana iya yin bam da shi, Amurka ta gwada wani bam mai ɗauke da shi a Nevada cikin 1955. Abin da ke kare shi shi ne yakan zo gauraye da yuraniyam-232, wanda zuriyarsa ke fitar da tiriri mai ratsa ƙarfe, mai halaka wanda ya kusance shi, mai saukin ganowa daga nesa. Wannan kariya ita ce kuma tsadarsa, domin tilas a sarrafa makamashin daga bayan bango mai kauri da hannuwan inji. Bugu da ƙari, wanda ya ware furotaktiniyam da wuri yana iya samun yuraniyam-233 mai tsabta. Saboda haka sa idon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya bai zama abin yarwa ba. Cibiyar binciken nukiliya ta Ingila ta yi nazarin al'amarin cikin 2010, ta yanke cewa sau da yawa ana zuzuta fa'idar toriyam fiye da kima, sai dai ga ƙasa irin Indiya mai dalili na musamman.

KAMMALAWA

Abin da aka tabbatar shi ne toriyam na iya zama makamashi, na iya haifar abin da zai ci, kuma akwai shi da yawan da zai ishi duniya ƙarnoni. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko zai yi haka da arha, a babbar tasha, shekara da shekaru. Har zuwa ƙarshen 2025 babu tashar lantarki ko ɗaya a duniya da toriyam ne babban makamashinta. Ƙasashe biyu da suka fi nisa, Indiya da Sin, gwamnatocinsu ne suka riƙe aikin shekaru masu yawa ba tare da sun ga riba ba.

Al'amarin bai yi nisa da wannan yanki ba. Tsibin yashin da aka bari bayan wanke kuza a tsaunukan Jos yana ɗauke da monazait, kuma awon masana ya nuna tiririn da ke wurarensa ya ɗara na sauran ƙasa, don haka kafin a yi maganar dukiya akwai maganar lafiyar mazauna wurin. Nijar tana haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971. Nijeriya ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya cikin 1976, tana kuma da 'yar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, ko da yake yuraniyam take ci.

Ma'aikacin gwamnati da wani kamfani zai kawo wa takardar gina tashar toriyam, ya dace ya tambaya ina aka gina irinta, shekara nawa ta yi tana aiki, wace hukuma ta ba ta izini, kuma wa zai ɗauki nauyin shararta. Ɗalibi kuma ya lura cewa abin da ya tsayar da Oak Ridge da Hamm, ya kuma jinkirta Kalpakkam, yawanci matsalar ƙarfe ne da sinadari da famfo da kuɗi, watau aikin injiniya da masanin sinadarai da mai tsara doka. Irin waɗannan ƙwararru sai an shekara goma ko fiye ana horar da su, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.